Shaida a Kasuwar 'Yan Kwat

Litinin, 2 ga Yuni, ƙarfe shida da rabi na safe

Baban Rhoda yana samun sauƙi, jinin ya sauka, sai dai ƙafar hagu da ke kumbura in ya daɗe a zaune. Ɗana Elisha da matarsa suna nan ƙalau a Lafiya, jiya ya kira. Kajina bakwai ne yanzu, ɗaya ta mutu ranar Asabar. Ni ba inda ke mini ciwo, zuciya ce kawai take bugawa kamar ana daka a ƙirjina. Rhoda tana cin abinci, tana wanka, tana gaishe mu. Ban san ko in sa ta cikin masu lafiya ba.

Ita ta sayo mini wannan littafin. Ta ce, "Momi, maimakon ki riƙa bina da ido daga ɗaki zuwa kicin, rubuta damuwarki a nan." To ga ni. Ina da shekara hamsin da ɗaya na koyi karatu a ajin Zumuntar Mata na cocinmu nan Narayi, kuma Rhoda ce take duba mini aikin gida da jan biro. Har yau in na ga jan biro sai gabana ya faɗi.

Wata goma ke nan da kamfanin lemon nan na Kudenda ya sallame ta. Shekara tara tana ɗakin gwaji, ita ke gwada lemo kafin a fitar da shi kasuwa. Ba zan rubuta sunan wanda ya jawo mata ba da safen nan. Ban karya ba tukuna.

Laraba, 4 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Sylvanus. Na rubuta.

Ranar da ya sauka Kaduna daga ƙauyenmu, jakar leda ɗaya ce a hannunsa. A falonmu ya kwana wata takwas. Tuwona ya ci, da sabuluna ya yi wanka, Baban Rhoda ya kai shi masaƙa ya tsaya masa. Yanzu shi ne manajan sashe a kamfanin lemo, yana da gida a Barnawa da get mai buɗe kansa.

Rhoda ta gwada wani lemo, ta rubuta a littafin aiki cewa kada a fitar. Shi ya sa hannu a ƙasa aka fitar. Robobi suka kumbura a shaguna, aka yi ta dawo da su mota-mota. Da manya suka zo bincike sai aka tarar shafin nan ya fita daga littafin. Rhoda tana da hotonsa a wayarta. Ya kira ta ofis ya ce, "Ƙanwata, ki yi shiru ki tafi. Duk inda za ki nemi aiki ni zan ba da shaidarki." Ta yi shiru ta tafi.

Ya isa haka.

Alhamis, 5 ga Yuni, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Rhoda ta ce ita da farar riga da kwalaben gwaji har abada. Ta yi kwas na wata shida a laftof, wai aikin data. Ni na ɗauka datar waya za ta riƙa sayarwa, har na ce zan ba ta teburina ta kafa a bakin get. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta farko tun bara. Ashe kamfani ne ke zuba maka tarin lambobi, ka tsefe su kamar kai, ka gaya musu inda kayansu ke maƙalewa.

Akwai wani shafi a intanet inda ma'aikata ke taruwa. Ba a sa hoton biki ko na jariri. Kowa da kwat, ya harɗe hannu yana murmushi, a ƙasa ya jera duk abin da ya iya. Ni na sa masa suna kasuwar 'yan kwat. Rhoda ta ari kwat ɗin ƙawarta Peace, ta tsaya jikin farin bangon Scholastica maƙwabciyarmu aka ɗauke ta. Kullum tana aika wa baƙi gaisuwa, mutum ashirin, mutum talatin, waɗanda suka riga ta shiga wannan aikin. Biyu ko uku su amsa, sauran shiru.

An zagaye hotonta da kore. Ta ce koren yana nufin tana neman aiki.

Na ce, "To ai duk duniya za ta san ba ki da aiki."

Ta ce, "Haka ake so, Momi. A can ba a ɓoyewa."

Juma'a, 6 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Wata Madam Gloria, ta wani kamfanin jigilar kaya a Abuja, ta ga aikin Rhoda a shafin ta neme ta da kanta. Yau suka yi intabiyu ta laftof. Tun da safe na kulle kajin, na tsallaka wajen Malam Shehu mai injin niƙa.

"Malam Shehu, don Allah awa ɗaya ka kashe mana."

"Maman Rhoda, daga nan Abuja za su ji injina?"

"Har zakarana suna ji."

Ya kashe ya zauna a kan buhu, mata uku suna jira da markaɗe suna hararata. Ban damu ba. Na tsaya bakin tagar ina jin Turancinta yana fita sumul. Ta fito gumi ya jiƙa kwat ɗin Peace. Sun ce akwai zagaye na biyu, kuma suna son shaidar tsohon oganta. A shafin akwai wurin da oga ke rubuta cewa ya san ka, ka iya aiki. Sunan abin da Turanci dogo ne. Na ce ta faɗa mini da Hausa, ta ce shaida.

Lahadi, 8 ga Yuni, ƙarfe ɗaya na rana

Fasto ya sanar yau cewa ranar 29 ga wata za a ɗora wa sababbin dattawan coci hannu. Su uku ne. Na biyun Sylvanus. Mutane suka tafa. Ni na duƙa kamar ina gyara takalmi.

A bakin ƙofa na tare shi.

"Mama, ina kwana? Yaya ƙafar Baba?"

"Ƙafar Baba tana jikin Baba. Shaidar Rhoda fa?"

"Kai, Mama, wannan makon, ba fashi. Aiki ne ya rufe ni."

Matarsa Lizzy ta ja hannunsa wai rana tana dukansu. Lokacin da yake kwana a falona babu mai kare shi daga rana.

Litinin, 9 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Bai rubuta ba.

Talata, 10 ga Yuni, ƙarfe uku na rana

Bai rubuta ba. Na ɗauki wayata na shiga wajen Scholastica. Shekara talatin tana buga tafireta a ma'aikata kafin ta yi ritaya, ba abin da ba ta sani ba a waya. Na ce ta buɗe mini rumfa a kasuwar 'yan kwat. Ba komai zan yi ba, ina so in riƙa ganin abin da yake yi da idona.

"Me zan sa a wajen aikinki?"

"Mai kiwon kaji."

"Haba, Comfort. A nan ba a kiwon kaji. Kaji nawa ne?"

"Bakwai."

"Wa ke ba su umarni?"

"Ni."

"Manajan darakta ke nan."

Haka ta rubuta. Ta ce ba ni da kwat, na ce ankon Zumunta ya fi kwat. Da shi aka ɗauke ni. Ban gaya wa Rhoda ba.

Alhamis, 12 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Ba shi da lokacin rubuta layi uku, amma yana da lokacin sa hoto. Ga shi da kwat ruwan toka da makirfo a hannu, yara sun zauna a gabansa. Scholastica ta fassara mini abin da ya rubuta. Wai babu abin da ke faranta masa rai kamar ya kama hannun matashi ya ɗaga shi. Mutum ɗari biyu sun tafa masa.

Ina so kwat ɗin nan ya yage ta baya yana tsaye a gaban jama'a. Ina so get ɗinsa ya ƙi buɗewa ana ruwa. Na roƙi Allah ya kumbura shi kamar robobinsa. Daga baya na nemi gafara, amma ban janye ba.

Sau shida na duba shi yau. Bai rubuta ba.

Lahadi, 15 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Ba wanda ya gaya mini wurin yana da baki.

Bayan sujada Sylvanus yana tsaye da dattawa, ina wucewa ya ɗaga murya. "Mama, sannu da ziyara! Kullum sai wayata ta ce Comfort Bulus, manajan darakta, ta leƙa ni. Ko aiki kike nema a wajenmu?"

Suka kwashe da dariya. Har Lizzy, wadda na koya wa dafa gwate lokacin tana amarya. Ban san yadda na iso gida ba.

Dole na gaya wa Rhoda. Ta karɓi wayar ta kalli hoton ankona, bakinta yana motsi kamar za ta yi dariya. Ta ce, "Ba laifi. Amma kallo kawai, Momi. Kada ki taɓa komai."

Litinin, 16 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Rhoda ta ci zagaye na biyu. Saura shaida kawai a ba ta takardar aiki. Ta kira Sylvanus a kicin, ta buɗe muryar wayar ina ji.

"Ƙanwata, na bincika. Dokar kamfani ta hana mu rubuta wa wanda aka sallama."

"Oga, kai ka ce in yi shiru."

"Ina mitin, zan kira ki."

Ta ajiye wayar a kan firij. Ta ɗauki farantin da ta riga ta wanke ta sake wanke shi, ta ɗauraye, ta sake sa masa sabulu. Haka ta fara bara.

Talata, 17 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

In shi ba zai ba da shaida ba, ai ba shi kaɗai ya san ta ba. Shi shekara tara a wurin aiki, ni talatin da huɗu. Shekara ashirin ina tashi shaida a coci, mata suna kuka, ba a taɓa cewa ban iya ba.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Awa uku ina rubutu a waya da yatsa ɗaya. Na danna. Raina ya yi sanyi kamar na sauke tulu.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Mutane suna ta tafa wa rubutun nawa. Wata daga Jos ta sa hannun addu'a. Rhoda ta je banki tun safe, wayarta ba caji. Na ƙosa ta dawo ta gani.

Laraba, 18 ga Yuni, ƙarfe bakwai na safe

Rhoda tana Barnawa wajen Peace. Ta ɗauki laftof da kwat da jaka ɗaya. Ana ruwa ta fita, ta bar lemarta a bayan ƙofa.

Baƙar kazar nan ta fara kwanci. Ƙwai tara.

Alhamis, 19 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Duk Sylvanus ne. Da ya rubuta layi ukunsa da ba wanda zai kai nan. Wanda ya ƙera wayar nan ma yana da nasa alhakin. Baban Rhoda tun jiya rediyo yake saurare, ko an ɗauke wuta yana riƙe da ita a kunne.

Scholastica ta shigo ba sallama.

"Comfort, ni na buɗe miki ƙofa, ban ce ki shiga da ganga ba."

"Ƙarya na yi?"

"Ko kalma ɗaya babu ƙarya. Shi ya sa abin ya ɓaci. Me ya hana ki nuna mini kafin ki danna?"

"Da kin hana ni."

"Da na zauna a kan wayar!"

Na kira Rhoda sau huɗu. Yana shiga, ba ta ɗauka.

Juma'a, 20 ga Yuni, ƙarfe goma na safe

Kwana uku ina zagaye abin. Bari in kwafe shi a nan yadda na rubuta, tun da ita ta goge na can.

"Yabo ga Ubangiji. Ni Comfort Bulus uwar Rhoda na tashi in ba da shaida. Yarinyar nan an kore ta daga aiki bara a kan laifin da ba nata ba, wai ta bar lalataccen lemo ya fita. Wata huɗu tana kwance a ɗaki ba ta magana, har muka kai ta asibiti wajen likitan masu damuwa. Ta rame har siket yana zame mata. Amma ku dubi abin da Allah ya yi, ga satifiket. Wanda ya sa hannu Sylvanus ne, yana nan cikinku da kwat ruwan toka. Ku ɗauke ta aiki, ba za ku yi da na sani ba."

Ban gane wurin da oga ke rubuta nasa ba, sai na sa a ƙarƙashin hoton satifiket ɗinta, inda mutum ɗari uku suka yi mata murna. Madam Gloria tana cikinsu. Na ce tun da Hausa ce, namu ne kawai za su karanta su kai labari. Ashe akwai wani maɓalli da ke juya Hausa zuwa Turanci. Har siket ɗin ya juya. Awa biyar abin yana wurin kafin ta sa caji.

Da ta gani ranar Talatar ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da ya fi mini.

"Momi, a fom ɗinsu na rubuta ni na ajiye aikin da kaina."

"Ke kika ce a can ba a ɓoyewa."

"Neman aikin ne ba a ɓoyewa!"

"To wace irin shaida ce ba a faɗin ramin da mutum ya faɗa? Ta yaya za a san an ciro shi?"

"Can ba coci ba ne. Har asibitin, Momi? Elisha ma ban gaya masa ba. Har asibitin?"

Ni na rubuta. Ba Sylvanus ba, ba mai ƙera waya ba. Da hannun da ita ta koya wa riƙe biro.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Peace ta kira ni a ɓoye. Madam Gloria ta aiko saƙo. Ta ce abin da ke fom da abin da ta karanta ba su haɗu ba. Tana son takarda daga tsohon ogan Rhoda a kan yadda ta bar aiki, kafin Juma'a mai zuwa, 27 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana. In babu za a ba wani.

Mun sake komawa hannunsa. Ni na mayar da mu.

Asabar, 21 ga Yuni, ƙarfe uku na rana

Baban Rhoda ya ajiye rediyo ya ce, "Ɗauko mayafinki. Za mu je mu roƙe shi."

Muka hau keke zuwa Barnawa. Get mai buɗe kansa bai buɗe ba sai da muka yi minti ashirin a rana, tsoho yana jingine da sanda. Lizzy ta kawo mana lemon kamfaninsu a tire. Ban taɓa ba.

Na durƙusa. Ni. A kan kafet ɗinsa. Ya ce, "Haba Mama, tashi, kin haife ni." Amma bai miƙo hannu ba, kuma bai sauke ƙafarsa daga kan ɗaya ba.

Ya ce zai rubuta. Zai ce Rhoda da kanta ta ajiye aiki, cikin mutunci, daidai da fom ɗinta. Sharaɗi biyu. In koma inda na yi rubutun in ce tsufa da ruɗewa ne suka sa ni, ba a kori kowa ba, ba lemon da ya lalace, kuma kaina yakan taɓu wani lokaci. Rhoda kuma ta zo ta goge hoton nan a gabansa.

Baban Rhoda ya ce, "Silba, a falona ka kwana."

Ya ce, "Shi ya sa na buɗe muku get, Baba."

Muka hau keke muka kamo hanya. Muna kusa da gida tsoho ya ce wa direba ya tsaya, ya sauka ya tofar da yawu, ya dawo ya zauna.

Lahadi, 22 ga Yuni, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

In zama mahaukaciya a gaban mutum ɗari uku ba wani abu ba ne, in dai 'yata za ta tashi da safe ta sa takalmi ta san inda za ta. Zan iya. Abin da ya tsaya mini a wuya hoton ne. In aka goge shi, Rhoda ce ta fitar da lemon har ranar da za a binne ta.

Ina cikin wannan tunanin a coci sai aka kira masu shaida. Wata ta tashi ta gode a kan haihuwa. Na kalli makirfon, na kalli ƙeyar Sylvanus a layin gaba.

Bayan sujada na sami Shekari, sakataren coci, yana haɗa takardu.

"Sa sunana a shaidar Lahadi mai zuwa."

"Ranar ɗora hannu ce fa, Mama, lokaci zai yi ƙaranci. Minti biyar, ba irin ta bara ba da har ganga ta shigo."

"Kafin ɗora hannun ne ko bayansa?"

"Kafin. Wace albarka aka samu?"

"Tana hanya."

Ya rubuta. Amma ba hoto a hannuna, yana wayar Rhoda. In ba shi, tsohuwa ce kawai da baki.

Litinin, 23 ga Yuni, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na rubuta takarda biyu. Ta farko ta haukan da ya ce in ɗauka, kalma bayan kalma. Ta biyu wasiƙa ce zuwa gare shi, da abin da zan yi ranar Lahadi in bai faɗi gaskiya ba. Na sa su a ambulan da ƙaramar takarda a sama.

"Rhoda, na yi miki laifi, ba ni da abin kare kaina. Ga hanya biyu. Ta farko ta fi kusa da aikin, kuma ba na jin nauyinta. Ta biyu tana iya sa ki rasa shi. Kin san wadda zuciyata ke so, amma zuciyata ce ta kawo mu nan. Wannan karon ba zan danna komai ba sai kin ce."

Baban Rhoda ya kai da kansa, da ƙafar nan tasa. Na ba shi lemar ya haɗa mata. Ya dawo ya ce ta karɓi ambulan, ta ce a mayar da lemar gida.

Talata, 24 ga Yuni, ƙarfe takwas na safe

Shiru.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Shiru. Malam Shehu ya tambaye ni yaushe zai sake kashe inji, na ce ya ci gaba da niƙa. Ban duba shafin Sylvanus ba yau. Ba don na huce ba. Ba na so wayarsa ta yi masa albishir da ni.

Laraba, 25 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Peace ta tsaya da keke a hanyar aiki ta miƙo mini ambulan ta wuce. Na shiga ɗaki na rufe. Ina buɗewa na ga ja.

Takardar hauka, layi ɗaya ta ja mata daga wannan kusurwa zuwa waccan, har biron ya huda.

Ta biyun kuwa ta sha gyara. Wuri goma sha ɗaya. Na manta ƙugiyar ɗ a wuri huɗu. Ta soke "maciji", ta soke "mai cin amana", ta soke duk layin kumburi, ta rubuta a gefe, "Ba a sa zagi a takardar aiki." Ta ƙara ranar da abin ya faru da lambar shafin. A bayan takardar ga hoton an buga shi, kwafi uku, sa hannunsa ya fito ɓaro-ɓaro.

A ƙasa ta rubuta, "Jiya na gaya wa Madam Gloria gaskiyar fom ɗin da bakina. Ta ce tana jiran takardar har Juma'a, ba ta yi alkawarin komai ba. Maganar asibiti ba mu gama ta ba, ni da ke. Ranar Lahadi ki kama mini wuri kusa da ke. Sake kwafa da kyau. Bakwai bisa goma."

Ban taɓa samun bakwai a hannunta ba.

Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na goge ankon Zumunta na rataye. Scholastica ta ce ita za ta kai masa har ofis ta sa ya sa hannu ya karɓa, tun da ya iya sa hannu. Ga abin da na kwafa.

Sylvanus, gaisuwa. Baba yana samun sauƙi.

Ba zan ce kaina ya taɓu ba, domin bai taɓu ba. Rhoda ba za ta goge komai ba. Ga hoton shafi na arba'in da ɗaya, na ranar 22 ga Yulin bara. Na sama rubutunta ne, na ƙasa naka.

Layi uku muke nema zuwa ga Madam Gloria. An sallami Rhoda. Ta rubuta kada a fitar da lemon. Ba ita ta fitar ba. Ba mu ce sai ka faɗi wanda ya fitar ba, wannan tsakaninka ne da hannun da za a ɗora maka.

In ka aika, ranar Lahadi zan tashi in gode wa Allah a kan ƙafar Baba da kazata mai kwanci, in koma in zauna. In ba ka aika ba, Shekari ya ba ni minti biyar kafin a kira sunanka. Kwafi ɗaya na Fasto ne, ɗaya na manyan kamfaninku. A kasuwarku ban iya shaida ba, na yarda. A coci kuwa ka sha jina.

Ka ba ni amsa kafin Juma'a, ƙarfe goma na safe. Ba sai ka wahalar da get ɗinka ba. Ka san inda shafina yake, kuma in ka leƙa wayata za ta gaya mini.

Comfort Bulus, manajan darakta.